Yadda za ka zaɓi kalmar Turanci ta zuga mutum ko ta ƙara abu ba tare da ka kwafsa ba

Akwai wani yaro cikin waɗanda nake wa lesin ɗin Turanci da yamma, yana shirin WAEC, ya kawo min wasiƙar da ya rubuta zuwa ga tsohon malaminsa na firamare yana masa godiya, ina karantawa sai na ci karo da "You incited me to read hard". Wallahi sai da na ajiye biro na dara, shi kuwa ya tsaya yana kallona don a ganinsa ya kawo ƙatuwar kalma wadda za ta burge mai makin. Na ce ina ka samo wannan, ya ce ya buga "zuga" ne a waya aka jero masa kalmomi kusan goma, ya ɗauki wadda ta fi kama da ta 'yan boko. To ita incite ɗin nan kalmar kotu ce da 'yan sanda, ita ake sawa in ana tuhumar mutum da tunzura jama'a su ta da tarzoma. Kenan yaron ya gode wa malam ne da ya tunzura shi.

Abin da na gaya masa ranar shi zan faɗaɗa a nan. Mu ma a Hausa ai muna da zuga, tunzurawa, zaburarwa, ingizawa, ƙarfafa gwiwa, kambamawa, rura wuta, kuma ba wanda yake ruɗa su, ba za ka taɓa jin an ce liman ya tunzura mutane su ba da sadaka ba. Wannan kunnen da kake da shi a Hausa shi ne jarinka, da shi za ka shiga Turancin, jerin kalmomi da hadda ba za su kai ka ko'ina ba.

Mataki na farko: me kake motsawa?

Kafin ka buɗe ƙamus ka tambayi kanka, zuciyar mutum nake son motsawa ko adadin wani abu nake son ɗagawa? In mutum ne, kana unguwar encourage, motivate, inspire, excite da 'yan uwansu. In kuɗi ne ko farashi ko yawan jama'a ko saurin mota, kana unguwar increase, raise, rise, grow. Akwai kuma 'yan tsakiya masu cin kasuwa biyu irin su boost, stimulate, fuel da spur, za ka iya boost ɗin ƙwarin gwiwar mutum kuma ka iya boost ɗin ciniki, shi ya sa ma littattafan koyo suke yawan cusa rukunin biyu wuri ɗaya. Wannan matakin ba ya ɗaukar minti ɗaya amma yana zubar maka da rabin kalmomin da ba su dace ba.

Mataki na biyu: wa ya yi aikin, shi ya tashi ko ɗaga shi aka yi?

Nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa, har masu digiri. A Hausa kana cewa farashi ya tashi, kana kuma cewa 'yan kasuwa sun ɗaga farashi. Tashi da ɗagawa. To rise shi ne tashi, ba ya ɗaukar abin da aka yi wa aiki a bayansa, raise kuma shi ne ɗagawa, dole a ji me aka ɗaga. "The price of rice rose", daidai. "Traders raised the price of rice", daidai. "Traders rose the price" kuwa kamar ka ce 'yan kasuwa sun tashi farashi ne da nufin su ne suka miƙe tsaye, kunnen Bature ba ya karɓa. Kuma ka riƙe yadda suke juyawa, rise, rose, risen a gefe guda, raise, raised, raised a ɗaya gefen. Akwai ta uku mai shigo-shigo ba zurfi wato arise, ita matsala ko tambaya ce take arise, wato ta taso, farashin tumatir ba ya arise.

Ita increase sauƙinta shi ne tana cin duka biyun, "fees increased" da "the school increased fees" duk lafiya lau. Shi ya sa kullum nake ce wa yara in kun rikice a ɗakin jarrabawa ku koma gida, gidan kuwa increase ne. Sai dai wajen furuci a kula, in suna ce ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, in aikatau ce yana kan ta biyu.

Yadda za ka gane wace kalma ce mai tashi da kanta, wace ce ake ɗaga abu da ita, ka duba ƙamus ɗin masu koyo irin na Oxford ko Cambridge, dukansu suna nan kyauta a intanet, kusa da kowace aikatau za ka ga an sa transitive ko intransitive, wani wurin harafin T ko I kawai. T ɗin yana nufin sai da abin da aka yi wa aikin. Daƙiƙa biyar ce amma mutane ba sa dubawa, ma'anar kawai suke karantawa su rufe.

Mataki na uku: zugar alheri ce ko ta sharri?

Wannan shi ne ya kayar da yarona. Ka raba kalmomin mutane gida uku a kanka.

Na alheri su ne encourage, wato ƙarfafa gwiwa, ga courage nan ma zaune a cikinta. Motivate ita ce ba mutum dalilin da zai sa ya tashi ya yi, kamar oga ya ce duk wanda ya sayar da katon ɗari akwai ihsani. Inspire ta fi su zurfi, ita ce ka ga rayuwar wani ko aikinsa ka ji kai ma kana so ka zama haka, ita yaron ya kamata ya sa wa malaminsa. Cheer on shi ne abin da 'yan kallo suke yi a filin ƙwallo, kar ka haɗa shi da cheer up wanda yake nufin faranta wa wanda ransa ya ɓaci. Rally kuma haɗa kan mutane ne su tsaya bayan abu ɗaya.

Na sharri su ne incite da muka gani, sai provoke wato tsokana har mutum ya fusata ko ya mai da martani, sai instigate, kitsa abu ta ƙarƙashin ƙasa, sai inflame, sai stir up in an haɗa ta da trouble ko hatred. Akwai egg on, wannan ita ce ingiza mai kantu ruwa sak, abokai sun kewaye yaro suna cewa kai dai yi mana ai ba abin da zai faru. Ba ruwanta da ƙwai fa, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ta shigo Turanci, danginta ɗaya da edge wato kaifi.

Sai na tsakiya, waɗanda abin da ya biyo bayansu ne yake nuna fuskarsu, kuma su na fi so don kusan kowace akwai hoto a cikinta wanda Bahaushe ya riga ya sani. Ɗauki spur. In ka taɓa tsayawa kusa da mahayi ranar hawan sallah ka ga ɗan ƙarfen nan da ke ɗaure a dunduniyarsa wanda yake taɓa cikin doki da shi dokin ya zabura, to shi ne spur, ƙaimi kenan. Saboda haka "the defeat spurred the team on" ba wani abu ba ne illa kashin da suka sha ya sa sun ƙara ƙaimi, hoto ɗaya harshe biyu. Stoke kuma iza wuta ne, yadda uwa take tura itace ƙarƙashin tukunyar tuwo in ta ga wutar ta yi sanyi, shi ya sa jaridu suke cewa "stoke fears" ko "stoke tension". Fan the flames fifita wuta ne, fuel a matsayin aikatau kuma zuba mata mai ne, duka ukun rura wutar rikici muke ce musu. Abin ban sha'awa ita kanta zuga tamu ai daga maƙera take, zugazugin da yaron maƙeri yake dannawa garwashi ya yi ja, ka ga ashe mu da su duk wuta muka kalla muka samo kalmar.

Spark tartsatsi ne, ɗan abu ƙarami da ya haddasa babba. Trigger kunamar bindiga ce, taɓawa ɗaya abu ya tashi. Stimulate ta fito daga kalmar Latin stimulus, sanda mai tsini da ake tsikarar shanu da ita su yi gaba, yau ita ce kalmar likitoci da masana tattalin arziki, "stimulate the economy", farfaɗo da shi a sa masa motsi. Whet wasa wuƙa ne a kan dutse, kusan kullum da appetite take tafiya, ƙamshin tsire da ya sa yawunka ya tsinke tun kafin ka iso wajen mai nama, kuma da h ake rubuta ta, in ka cire h ɗin ka jiƙa abin ne kawai. Galvanize kuwa sunan mutum ne a ciki, Luigi Galvani, likita ɗan Bologna a Italiya wanda ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in lantarki ya taɓa ta, ya wallafa bincikensa a 1791. Don haka in aka ce wani abu ya galvanize ɗin jama'a, ana nufin suna zaune jugum abin ya fizge su suka miƙe lokaci guda. In ka riƙe kwaɗon nan ba ka ƙara mantawa da kalmar.

Mataki na huɗu: excited da exciting, da kalmomin da za su ba ka kunya

Gajere ne amma kar ka tsallake. Mai ɗauke da -ed shi ne wanda abin ya shiga ransa, mai -ing shi ne abin da ya jawo. Kai ne excited, wasan ne exciting. Na sha ganin takardar neman aiki an rubuta "I am very exciting to join your company", wato mutum yana yabon kansa cewa shi abin ɗoki ne. Haka thrilled da thrilling, motivated da motivating, duk layi ɗaya.

Sannan arouse. A ƙamus za ka ga an ce tayar da ji, kuma gaskiya ne "arouse suspicion" da "arouse interest" Turanci ne mai kyau. Amma in ka sa mutum kai tsaye a bayanta, ko ka ce kai ne aroused, to maganar ta koma ta sha'awa irin ta ma'aurata, ka ga ba abin faɗa a ofis ba ne. Turn on ma haka, ka bar ta wa fitila da fanka. In tashin mutum daga barci ko daga sanyin jiki kake nufi, rouse ce, babu harafin a a gabanta. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su kuma sukan ji nauyin excited saboda takwararta ta Faransanci tana da wancan warin, to a Turanci "I am excited about the trip" magana ce tsaf ko gaban surukai.

Mataki na biyar: ƙarin nan yaya girmansa, yaya saurinsa?

Yanzu mu koma ɓangaren adadi. Ka ɗauka tsani ne. A ƙasa akwai edge up, inch up da creep up, tashi kaɗan-kaɗan kamar rarrafe, irin yadda kuɗin cefane yake ƙaruwa ba ka ankara ba. A tsakiya rise, climb, go up, grow. A sama jump, surge, soar, shoot up, skyrocket, nan ne tashin gwauron zabi yake. Spike tashi ne na farat ɗaya wanda sau da yawa yake dawowa ƙasa, kamar kuɗin mota ana jibi sallah. Dukan na saman nan masu tashi da kansu ne, ka tuna mataki na biyu, ba a cewa "they soared the price".

In kana son ka ce wani ne ya yi ƙarin kuma da zafi, hike ce kalmar, ko jack up in hira ce. Misalin da kowa ya gani da idonsa, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Ka koma ka duba kanun jaridun Turanci na makon, "fuel price hike" a nan, "transport fares soar" a can. Ka lura hike tana ɗauke da ƙorafi a cikinta, mai sayarwa ba ya kiran ƙarinsa hike, shi adjustment ko review zai ce maka don abin ya yi laushi, kai mai saye kai ne kake cewa hike.

Sai kuma ka tambayi irin ƙarin, don Hausa "ƙara" ɗaya take yi mana aikin kalmomi goma. Ƙara faɗi expand ne, ƙara tsawo ko wa'adi extend, ƙara girman hoto enlarge, ƙara inganci improve ko enhance, ƙara sauri speed up ko accelerate, ƙara sautin rediyo turn up, ƙara ƙiba gain weight ko put on weight, ba "add weight" da muke ji a gari ba. Sa kati a waya top up. Ƙara ƙoƙari step up, ƙara yawan abin da masana'anta ke fitarwa ramp up. Inflate kumburawa ne kamar an hura balan-balan, shi ya sa ake cewa an yi inflate ɗin kuɗin kwangila, daga nan kuma inflation ta fito, hauhawar farashi.

Akwai guda uku da ba sa tafiya sai da mugun abu, aggravate, exacerbate, worsen, dukansu ta'azzara ne, ciwo ko talauci ko rikici. Escalate ma galibi can take, daga escalator aka ciro ta, benen nan mai tafiya da kansa, rikici yana hawa mataki-mataki. Su kuma boost da enhance akasin haka, abin da ake so suke ƙarawa. Ba ka boost ɗin zazzaɓi. Ka tuna maɓallin Boost post na Facebook da allurar booster ta lokacin korona, duk ƙarin ƙarfi ne ga abin da ake fatan ya yi ƙarfi.

Mataki na shida: ƙananan kalmomin da ke bin lamba

By, to, from, in, of. Su ne suke cinye maki a WAEC da IELTS, jarrabawar Turancin nan ta masu son fita waje karatu ko aiki, musamman tambayarta ta bayanin jadawali. Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi a Najeriya, a Yulin 2024 ya tashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Kalmar to ita ce inda aka sauka, by ita ce tazarar. "It rose from 30,000 to 70,000" ko "it rose by 40,000". In ka ce "rose by 70,000" ka mai da albashin 100,000, ma'aikata za su so ka amma ka faɗi jarrabawa. Kana kuma iya cewa "it more than doubled", ya ninka har da ɗoriya. In suna kake amfani da shi, "an increase in wages" wato abin da ya ƙaru, "an increase of 40,000 naira" wato nawa ya ƙaru.

Wani tarkon shi ne kaso. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Mutane da yawa za su rubuta "increased by 2.5 per cent", alhali 2.5 percentage points ne, in kuwa per cent kake so to ƙarin kashi 50 cikin ɗari ne tunda rabin biyar aka ɗora a kan biyar. Har a jarida ana wannan kuskuren.

Kalmomin mutane ma suna da 'yan rakiyarsu. Encourage, motivate, inspire da incite duk "someone to do" suke bi. Provoke da goad, wato tsikarar mutum har ya aikata abu, su kuma sun fi son into, "provoked him into fighting". Excited about abu, ko excited to yi wani abu.

Mataki na bakwai: da wa kake magana?

Hype up, fire up, pump up, psych up, bump up, duk na hira ne da soshiyal midiya, kambamawa da ɗaga jijiya. Ginger ɗin da muke ji a bakin 'yan Legas ma a bar ta a chatin, kar ta shiga wasiƙar neman aiki. A ɗaya ƙarshen akwai augment, heighten, intensify, na rahoto ne da takardar makaranta, in ka ce wa abokinka zai augment maka kuɗin mota zai ɗauka tsokana ce. Ni shawarata, kuma na san wasu malamai ba za su yarda ba, ƙaramar kalma da ta zauna daidai ta fi babba da ta karkace, mai makin ya fi jin daɗin encourage mai lafiya a kan galvanize da aka jefa inda ba wurinta ba. Sai ɗan bambancin Ingila da Amurka, ƙarin albashi a Ingila pay rise ne, a Amurka raise.

Mataki na takwas: yadda za su zauna a kanka

Ka samu ɗan littafi mai 40 leaves ko ka buɗe wajen rubutu a waya. Kullum ka ɗauki kanun labarai uku na Turanci masu ɗauke da irin waɗannan kalmomi, shafin kasuwanci da na wasanni sun fi ko'ina yawansu, ka kwafe jimlar gaba ɗayanta, kalmar ita kaɗai ba ta da amfani don maƙwabtanta ne suke koya maka ita. A ƙarƙashi ka rubuta yadda za ka faɗe ta da Hausar gidanku, ba fassarar kalma da kalma ba, yadda za ka ba kakarka labarin. In labari ɗaya ne ya fito a sashen Turanci da sashen Hausa na gidan rediyo ɗaya to ka tsinci dami a kala, ka jera su ka ga inda suka sa soar su kuma suka ce gwauron zabi. Bayan kwana biyu ka rufe Turancin da hannu, ka kalli Hausar ka mayar da ita, sannan ka buɗe ka gwada. Duk inda ka saɓa ka ja layi ka tambayi kanka a wane mataki ka zame, na tashi da ɗagawa ne ko na alheri da sharri ko by da to.

Sannan a kowane mako ka rubuta jimla biyar a kan abin da ya faru a unguwarku, kuɗin adaidaita, kocin 'yan ƙwallon layinku, mai shayi da ya ƙara naira hamsin a kofi, kowace jimla da kalma daban, kuma ka hana kanka increase a wannan aikin kawai don dole ta sa ka fita nema. Yaron nan haka ya yi wajen wata biyu. Wasiƙar ma ya sake ta ya sa inspired, ya kuma ce min ya kai wa malamin har gida, sai dai a sakin layi na ƙarshe ya rubuta cewa yana addu'a gwamnati ta "rise" albashin malamai, muka sake zama a kan mataki na biyu.